Sai Ƙasa Ta Nuna

Celestine bai kai ga guduma ta huɗu ba, simintin ya ɓallo daga bangon gabas na masallacin lungunmu. Faɗinsa ya kai na tabarmar mutum biyu. Ya faɗo gabanmu ya rabu gida uku, muka ja da baya muna kaɗe riguna. Abin da ya bayyana a bayansa bai yi kama da bango ba. Baƙar ƙasa ce mai laima, tana zuba da kanta, ga hanyoyin gara sun ratsa ta sama da ƙasa.

Baba Isyaku yana zaune a kan benci a inuwar gidan da ke kallon masallacin. Ya miƙo mini hannu, na taimaka masa ya tashi. Tafiyar taku goma ce, amma sai da muka tsaya sau biyu ya mayar da numfashi. Da muka isa ya jingina sandarsa, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙasar, ya bar shi a nan kamar mai duba zazzaɓin yaro.

"Shekara shida yana gumi a cikin riga," ya ce, "ba wanda ya kwance masa maɓalli."

Ni sunana Ikrama, malamin firamare ne a nan Fagge. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Baba Isyaku, shekara goma sha tara muna maƙwabtaka. Shi magini ne, irin na da, mai ginin ƙasa. A lokacin da nake ba da labarinsa ya haura tamanin, ƙafafunsa sun kumbura, numfashinsa ya gajarce, amma idonsa a kan bango bai tsufa ba.

Masallacin Ƙasa muke kiran masallacin lungunmu, domin shi kaɗai ya rage a unguwar da ba a mayar da shi na bulo ba. Ba babba ba ne. Sahu biyar yake ɗauka, in an matsa shida. Manya suna cewa fatake masu raƙuma ne suka sa aka gina shi, zamanin da Fagge take masaukin ayari, kuma kakan Baba Isyaku yana cikin waɗanda suka ɗora shi. Kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. A ciki ginshiƙai huɗu ne, daga kowanne bakan gizo ya tashi, wato lanƙwasasshen ginin nan da ke ɗauke da rufi, wasu suka haɗu a tsakiya, wasu suka tafi suka kafa ƙafa a cikin bango. In ka ɗaga kai za ka ga azara, tsagin giginya, an jera ta kamar saƙar tabarma. A waje akwai matakalar ƙasa mai hawa bakwai, inda ladan yake tsayawa kafin zuwan lasifika. Ko a tsakiyar bazara, in ka shiga sai ka ji sanyi kamar an buɗe randa.

Duk shekara kafin damina Baba Isyaku yake yi masa yaɓe, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Shekarar da ƙafa ta fara hana shi hawa tsani, shugaban kwamitin masallacin, wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ya ce a hutar da tsoho, a shafe bangon da siminti kowa ya huta. Da kyakkyawar niyya ya yi, wannan kowa ya shaida. Mu ma mun yi murna, ni da hannuna na rubuta masa takardar godiya. Baba Isyaku kaɗai ya ce bangon ƙasa yana shan ruwa yana fitarwa, in aka rufe shi da siminti zai sha ne ba zai fitar ba. Aka saurare shi da ladabi, aka yi abin da aka yi niyya.

A bazarar bana tsaga ta fito a saman mihirabi, inda liman yake tsayawa, har yatsa yana shiga. Alhaji da kansa ya tako gidan Baba Isyaku ya ce a zo a duba. Shi kuma ya aika Sabon Gari aka kira masa Celestine.

Celestine kafinta ne, Kirista, haifaffen Sabon Gari. Mahaifinsa ya zo Kano aikin jirgin ƙasa, shi kuwa a nan ya tashi, Hausarsa ba ta bambanta da tamu ba. Sun haɗu da Baba Isyaku a wani aiki tun suna da ƙarfi, ɗaya na gini ɗaya na rufi, suka riƙe juna fiye da shekara arba'in. Baba bai taɓa iya faɗin sunansa daidai ba, Salastin yake ce masa, ko in tsokana ta motsa ya ce mai ƙusa. Shi kuma ya ce masa mai taɓo. Ƙofar da muke shiga masallacin ma Celestine ne ya kafa ta, kuma da wani saurayi ya yi gunaguni a kan shigarsa ciki, abin da Liman ya tuna masa ke nan, maganar ta mutu a nan.

Bayan la'asar ranar da simintin ya faɗo, kwamiti ya zauna a ƙofar masallaci. Alhaji ya ce ya ga abin da ya gani, laifin nasa ne, kuma zai gyara: a rushe bangon gabas a tayar da shi da bulo. Baba Isyaku ya ce bakan gizo biyu ƙafarsu a cikin bangon nan take. In bangon ya tafi za su bi shi, in sun tafi rufin ya tafi, abin da za a samu a ƙarshe masallaci ne mai kyau, amma ba wannan ba. Ya roƙi a bar shi ya kwaɓa ƙasa, a kankare ruɓaɓɓen a cike, a yi yaɓe irin na da. Ba shi zai hau ba, ya sani, amma zai zauna a kan benci ya nuna.  Alhaji ya amince, da sharaɗi ɗaya: in hadari ya fara haɗuwa ba a yi yaɓen ba, zai kawo bulo, domin ba zai bar tsiraicin bango ya sha ruwa ya faɗo wa masallata ba. Ba wanda ya ce bai yi gaskiya ba.

Washegari, Laraba, tifa ta sauke jar ƙasa a filin da ke gefen masallacin. Baba Isyaku ya sa aka tsince duwatsu, aka zuba yankakkiyar ciyawa da kashin doki, aka kwarara ruwa, matasan lungu suka naɗe wanduna suka tattake ta har ta haɗe. Ya sa aka tara ta tsibi guda aka lulluɓe da tsofaffin buhuna. Safe da yamma a yayyafa ruwa, bayan kwana bibbiyu a buɗe a juya a sake tattakewa. Daban kuma, a cikin duro, aka jiƙa ɓawon ɗorawa, wanda ake kira makuba, ruwansa ake haɗawa a shafen ƙarshe don ruwan sama ya zame ya wuce.

Ni na zo da littafi da biro. Na ga abin da tsohon nan ya sani ba a rubuce yake ko'ina ba, na ce bari in yi abin da na iya. Na rubuta kwando nawa na ciyawa, bokiti nawa na ruwa. Sannan na tambaye shi kwana nawa za ta yi a rufe.

"Sai ta nuna," ya ce.

"Na ji, Baba. Amma kwana nawa ke nan?"

"Malam, kai komai sai ka ba shi lamba, kamar 'yan ajinka."

Ya ce mahaifinsa bai taɓa ƙirgawa ba. Wata shekara kwana goma, wata ashirin, ya danganta da zafin rana da irin ciyawar, har da abin da dokin ya ci. In aka yi gaggawa aka shafa ta ɗanya, za ta tsage da ta bushe, ruwan farko ya wanke ta. In aka bar ta ta zarce, ƙarfinta ya mutu. Hanci ne kaɗai yake faɗa.

Celestine yana gefe yana auna azara, ya ce yau ya ji ikon Allah, ƙasa ce ake magana ko gwanda. Baba ya ce mai ƙusa ina ya san abu mai rai, shi da komai nasa sai an buga masa a ka yake shiga. Na rubuta "kwana", na bar gurbi a gabansa.

Ranar Asabar Baba bai fito ba. Numfashi ya tsananta, aka kai shi asibiti, ya kwana biyu aka sallamo shi da magunguna, likita ya ce ya kwanta kada ya yi tafiya. Daga nan bai ƙara taka ƙofar gida ba. Da na shiga gaishe shi, kafin in gama sannu ya tambaye ni ko an juya ƙasar. Na ce an juya. Ya ce to, tunda shi ba zai je wurinta ba, ita ta zo wurinsa.

Matarsa, Inna Mero, ta ba ni wani tsohon kwanon samira da faifai. Kullum bayan la'asar sai in je tsibin, in sa hannu can ciki inda yake da ɗumi, in ɗebo curi guda in rufe in kai masa. Ɗakinsa shi ya gina da kansa, na ƙasa, mai ƙaramar taga ɗaya. Gadon ƙarfe ne a ciki, da buta, da rediyo da ya daina kunnawa. Inna Mero tana zama a bakin ƙofa da mafici, ba ta sa baki. Sai in tallafe shi ya zauna, ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya sunkuyar da fuska ya lumshe ido. Ya daɗe. Sannan ya miƙo mini.

"Ba ta nuna ba."

Haka muka yi ta yi. Celestine a nasa ɓangaren ya gama cire simintin, ya tokare bakan gizon biyu da ginshiƙan katako, ya canza azara uku da gara ta cinye. In ya tashi daga aiki yakan biyo da lemo ko ayaba, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, su yi ta tsohuwar hira: wani soro da suka yi a cikin birni, wani mai gida da ya ce a yi masa taga a inda ba ta yiwuwa. Baba ba ya iya cin ayabar, amma yakan ce a ajiye masa, kada mai ƙusa ya ce an raina kyautarsa.

Ranar Juma'a ta biyu da yamma gabas ta yi duhu. Iska ta taso ta kwashi ledoji daga shataletalen Bata har lungunmu, aka yi ƙanshin ruwa, amma bai sauko ba. Muka rataya tamfol a bangon. Da na gaya wa Baba, ya ce a tabbata ba ta manne ba, a sa sanduna tsakaninta da bango, kada a cire masa riga a sa masa wata.

Washegari Alhaji ya zo dubiya. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa addu'a, bai ambaci bango ba. Sai da na rako shi zaure ya tsaya ya ce mini ya ga hadarin jiya, kuma shi ne zai amsa tambaya in wani abu ya faru da mutane. Zai jira mako guda. Asabar mai zuwa motar bulo za ta sauke. Ya ce in gaya wa Baba ta hanyar da na ga ta fi sauƙi. Ban gaya masa ba, amma ina zaton ya gane daga yadda na riƙa kallon bakinsa in ya ɗago daga kwanon.

Ranar Lahadi, kwana goma sha biyu da kwaɓi, Celestine ya biyo daga coci da fararen kayansa. Inna Mero ta tashi ta tafi madafa ɗumama kunu. Baba ya karɓi kwanon kamar kullum, ya sunkuya, ya daɗe fiye da kullum. Da ya ɗago bai miƙo mini ba. Ya ajiye shi a cinyarsa.

"Malam, rufe littafin nan."

Na rufe.

"Kwana uku ke nan ba na jin ƙanshin komai. Ko kunu, ko turaren da take sawa a ɗakin nan. Ina ce maka ba ta nuna ba, don ban ji ta nuna ba. Amma ko ta nuna, ba zan ji ba."

 Daga waje ana jin mai ruwa yana tura kurarsa, jarkoki suna karo da juna. Can Baba ya ce mu shinshina mu gaya masa abin da muka ji. Na karɓa na shinshina da iyakar hankalina, na ce wari ne, Baba, irin na barga. Celestine ya karɓa, ya ja numfashi, ya yamutsa fuska, ya ce shi dai kamar daddawar da aka manta a aljihu aka kai wanki. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na dafa masa baya.

Da ya lafa ya yi ƙoƙarin kwatanta mana. Ya ce warin dokin zai tafi, wani abu ya zo a madadinsa, mai ɗan tsami, mai sanyi, ba na fura ba, ba na rijiya ba. Ya tsaya yana neman kalma, ina riƙe da biro a rufaffen littafi. Sai ya girgiza kai.

"Ba ni da sunansa. Mahaifina bai ba ni suna ba, ƙeyata ya kama ya tura hancina a ciki."

Ya ɗebi kaɗan ya murza tsakanin yatsu, ya ce hannu yana cewa ta kusa, amma hannu yakan yi ƙarya. Ya ce shekara sittin yana da yara a ƙarƙashinsa, duk sun koma bulo, bai riƙe ƙeyar ko ɗaya ba, yana ganin akwai lokaci. Da muka ji takun Inna Mero, ya rage murya ya ce kada mu gaya mata, hankalinta zai tashi. Ta shigo da kunun, ya sha cokali biyu ya ce ya yi daɗi.

Ni da Celestine muka fita lungu. A nan ya tsaya ya share fuska da hannun rigarsa ta coci, ya ce gobe zai zo da wuri ya duba tokaran.

Ranar Litinin na sami Baba yana barci. Na ajiye kwanon a gefen gado na zauna. Da ya farka bai nemi kwanon ba. Ya tambaya ko sandunan tamfol suna nan, na ce suna nan. Sannan ya ce indararon ɗakinsa na baya, shekarun baya, ya san yana zubar da ruwa a tsakar gidana kafin ya juya shi. Ban taɓa yi masa magana ba, shi ma bai taɓa ba ni haƙuri ba. Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, duniya da lahira, shi ma ya yafe mini hayaniyar yarana da duk abin da ban sani ba. Ya ce babu komai sai alheri. Ya kama hannuna, tafinsa da kaushi har yanzu kamar bangon da ba a shafe ba, ya riƙe har barci ya sake ɗaukarsa. Na zare a hankali na ɗauki kwanona na fita.

Talata da hantsi ina aji huɗu ina koyar da rabawa, mai ɗakina ta kira ni a waya. Ba ta taɓa kirana a lokacin aji ba, don haka kafin in ɗauka na ajiye alli. Ta ce Baba ya nemi ruwa, ya kurɓa sau ɗaya, ya yi kalmar shahada, ya juya fuskarsa bango. Na ce wa yaran su kwafi abin da ke allo, na nemi izini na taho.

Bayan azahar aka yi masa sallah a filin gefen masallaci. Mutane sun taru fiye da yadda na zata, har da tsofaffi daga cikin birni da ban sani ba, waɗanda ya taɓa yi wa gini. Tsibin ƙasar yana nan a lulluɓe a hannunmu na hagu, sai da sahu na biyu da na uku suka ɗan gajarta don su kauce masa. Celestine ya tsaya can nesa a bakin lungu, hularsa a hannu. Da aka ɗauki makara ya biyo mu a baya har maƙabarta.

A bakin kabari, bayan an sa shi an jera itace, masu haƙa suka zuba ruwa a ƙasa suka kwaɓa nan take, aka riƙa miƙa curi-curi ana toshe kafofi. Ni ma na miƙa. A hanyar dawowa Celestine ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Da yana gani, da ya ce ba ta nuna ba." Ya so ya yi murmushi, bakinsa ya ƙi.

Laraba hadari ya sake haɗuwa, wannan karon har aka yi yayyafi, ɗigo manya-manya da suka bar tabo a ƙasa suka ɗauke. Tamfol ta yi ta kaɗawa. Ni da Celestine muka buɗe tsibin, muka ɗebo, ya shinshina na shinshina, muka dubi juna. Ya ce mu shafa kawai mu dogara ga Allah. Na ce in ɗanya ce, ruwan farko zai wanke ta a idon kowa, kuma babu wanda zai sake roƙon a ba ƙasa dama, mai roƙon ya tafi. Ya ce in muka jira fa, ga Asabar nan. Na ce na sani. Muka mayar da buhunan muka rufe. Alhaji yana wurin zaman makoki tun safe, idonsa ja, ya fi kowa daɗewa a kan tabarma. Bai ce komai a kan bulo ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mun san mota ba ta fasa ba.

Alhamis da safe aka yi addu'ar uku, jama'a suka ragu. Bayan la'asar na je aka juya ƙasar, aka yayyafa ruwa. Ban san lokacin da na sa hannu na ɗebo curi na sa a kwano na rufe da faifai ba. Ƙafata ta ɗauke ni kamar kullum. Sai da na shiga zauren gidan, na ga takalman mata jere a bakin ƙofar ciki, sannan na tuna. Na tsaya da kwano a hannu, ban shiga ba, ban koma ba.

Mai ɗakina tana ciki tare da masu zaman makoki. Ta leƙo ta gan ni, ta ga abin da ke hannuna, ta koma da sauri. Ina shirin juyawa na ji muryar Inna Mero daga tsakar gida.

"Ku ce wa Malam ya shigo da shi."

Na yi sallama na shiga. Tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinsa, inda ta saba zama, ta lulluɓe da farin mayafi, carbi a hannu. Matan suka matsa. Na durƙusa daga nesa na yi mata gaisuwa, na ce ta yi haƙuri, mantuwa ce ta kawo ni.  Ta ajiye carbin ta miƙo hannu biyu.

Ta ɗaga faifan, ta sunkuya sau ɗaya, ba ta daɗe ba. Ta ɗago tana kallon cikin kwanon. 

"Ta nuna," ta ce.

 Na ce, "Inna, kin tabbata?"

"Shekara hamsin da ɗaya ina wanke rigarsa. Ranar da ya shigo da wannan ƙanshin a jikinsa, na san gobe da sassafe zan dama fura mai yawa, za su hau tsani. Jiya da iska ta kaɗo ta kan katanga na ji ta kusa. Yau ta yi."

Na tambaye ta me ya hana ta gaya mana ta sani. Ta ce wa ya tambaye ta. Kuma mai abu yana kwance ana kawo masa, ita ta ce ga ta? Na yi jinkiri, sannan na ce akwai abin da ya hana mu gaya mata. Ta ce ta sani. Tun ranar da kunu ya kama a tukunya ta kawo masa haka, ya sha ya ce ya yi daɗi, mutumin da ko hayaƙi ya taɓa abinci sai ya faɗa. Ta bar shi ne a kan ba ta sani ba, tunda haka ya fi so.

Wata tsohuwa a gefe ta fara sheshsheka, aka ce mata ta yi haƙuri, addu'a yake bukata.

Na ce zan kira Celestine yanzu, in sanar da Liman da Alhaji, gobe da an idar da asuba a fara, kafin lokacin Juma'a a ci ƙarfin bangon. Ta ce a jiƙa bangon tukuna kafin a ɗora, haka take jin yana faɗa wa yara. Na ce to. Na miƙa hannu zan karɓi kwanon.

"Ku nemi wani kwanon," ta ce.

Ta mayar da faifan ta rufe, ta jawo shi kusa da gwiwarta, ta ja gefen mayafinta ta lulluɓe rabinsa. Ta ɗauki carbinta da hannun dama. Na yi mata sallama na tashi.

A bakin zaure, ina sa takalmi, na waiwaya. Sama ta yi duhu daga gabas a kan katanga, matan sun fara kwashe shanya. Ita tana nan yadda na bar ta, tana jan carbi, hannunta na hagu a kan faifan.